Gyambon Ciki a Zauren Suruki

Wai "olsa ce kawai, Baba." Kawai! Jikata ce ta faɗa mini haka, wadda ta gama koyon aikin nas, ranar da na tambaye ta abin da ke damun maƙwabcinmu. Ta faɗa tana ɗaura ɗankwali, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ku da kuka tarar da ƙwaya a jere cikin kwali, ku ɓallo biyu ku miƙa wa mutum ku ce ya dawo mako mai zuwa, gani kuke yi aikin ke nan. To ku zauna. Ni na yi jinyar gyambon ciki tun ba a haifi iyayenku ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ta da hannunsa ya ce mata kawai ba.

A Boɗinga na koyi aiki, zamanin Turawa, a ɗakin shan magani mai ɗaki biyu da rumfa. Maigidana tsohon soja ne da ya koyi ɗaurin rauni a bariki, kowa Baba Saje yake kiransa. Ranar da aka kai ni, na sa farar riga ina jin kaina, ina tsammanin allura za a damƙa mini. Mutumin nan ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini wata tasa mai murfi, ya ce in fita rana in buɗe in gaya masa abin da na gani. Bayan gidan wani majinyaci ne a ciki. Na dawo ina toshe hanci na ce, "Baba, ai ƙazanta ce."

Ya ce, "Wane launi?"

Na ce ban duba ba.

Ya ce, "To koma ka duba, ɗan gwamna. Wanga aiki daga nan aka fara shi."

Baƙi ne wuluk kamar kwalta, mai danƙo, da wani irin wari da in ka shaƙa sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Baba Saje ya ce wannan jini ne, daga can sama ya zubo, ciki ya dafa shi. Ya ce in na ga haka, ko na ga amai mai kama da ƙanzon da aka jiƙa, kada in tsaya gaishe-gaishe, hanyar birni zan nema wa mutum.

Mai tasar nan wani manomin albasa ne daga Sifawa, kuma a kansa na ga yadda ake gane ciwon. Ba mu da hoton ciki, ba mu da na'urar leƙawa. Mutum zai zo ya ce ciwon zuciya yake yi, don a ƙarƙashin ƙirji abin yake ci. Baba Saje ya ce masa ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Mai kumburin ciki da tafin hannu yake shafawa ko'ina, mai gyambo kuwa yatsansa na zuwa wuri guda ya tsaya. Sai tambaya: yaushe yake tashi? In ya ce in yunwa ta kama shi, kuma in ya sa wani abu a baki ya lafa, to an kusa. Daga nan a jawo fatar ido ta ƙasa a ga ko akwai jini, a buɗe tafin hannu, a kama wuyan hannu a ji bugun jijiya. Duk wannan kafin a taɓa kwalba.

Kwalaben ma nawa ne? Na gyambon ciki biyu ne. Akwai farin magani a babbar kwalba, kamar an dama farar ƙasa, mai kashe zafin ruwan ciki. In ya zauna sai garin ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, don haka dole a girgiza kafin a zuba a ƙoƙon awo. Akwai kuma wani ja-ja a ƙaramar kwalba da ake ɗigawa cikin ruwa, mai sassauta murɗar ciki. Shi wannan ba a wasa da shi. Yana busar da baki, yana sa gani ya yi dishi-dishi, in ka zarce awo sai mutum ya fara sambatu. Ba mu ba kowa shi ya tafi da shi gida, a gabanmu ake sha.

Farin ne muke zuba wa mutane a kwalabensu, kuma nan ne na ga ikon Allah. Wani ya tsiyaye ruwan sama ya shanye, ya bar garin daskare a gindin kwalba, ya dawo yana zagina wai na ba shi ruwan banza. Wani ya ce shi ba shi da lokacin cokali-cokali ga gona na jiransa, ya ɗaga kwalbar mako guda ya kwankwaɗe, ya wuni yana zarya bayan gari. Wani ya raba wa duk gidansa, har da uwarsa mai ciwon gwiwa. Saboda haka kafin mutum ya fita, sai na sa ya girgiza a gabana, ya zuba, ya maimaita mini abin da na ce. In ya yi kuskure mu sake daga farko, ko layi ya kai bakin hanya.

Amma Baba Saje kullum cewa yake kwalba rabin magani ce. Sauran rabin shi ne kada a bar cikin nan wayam. Madara sabuwar tatsa, a tafasa, a bari ta huce, a sha kaɗan-kaɗan tun safe har a kwanta. Kunu marar tsami, tuwo mai laushi ba yaji. Na san yanzu kun ce madara ba ta warkar da gyambo, wai wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi. Na ji, ban musa ba, ku kuka yi karatun. Mu dai abin da ke hannunmu ke nan, kuma mun ga mutane sun tashi da shi. Da yake ba mai agogo a ƙauye, sai mu kafa wa majinyaci tsinke a ƙasa kusa da tabarmarsa, mu ce duk sanda inuwar ta gusa kamar tafin hannu, ya kurɓa. Dabarar Baba Saje ce, kuma ta yi mini aiki shekara da shekaru.

Abokan gābarmu kuwa ba su ƙirguwa. Goro da sassafe a kan cikin da ba komai. Taba a leɓe. Kanwa, wadda ke lafar da zafi yanzu ta dawo da shi anjima ya fi na da. Uwa uba ɗan koli mai ƙwayar ciwon kai! Asfirin ne fa, wanda in ya sauka a kan gyambo kamar ka zuba barkono a rauni, amma mutumin nan zai baza tabarma a kasuwa yana rantsuwa maganin kowane ciwo ne. Ka wahala wata guda kana lallaɓa ciki, shi ya ɓata maka da ƙwaya biyu ranar kasuwa. Wallahi na sha fita da farar rigata in tsaya a kansa mu yi ta sa'insa, mutane na dariya suna cewa malamin asibiti na kishi.

Bayan na iya aiki aka mai da ni Shagari ni kaɗai. A can mummunar shekara ta same ni. Damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba, ciyawa ta ƙare da wuri, shanu suka zama ƙashi da fata. Yunwa da damuwa kuwa abincin gyambo ne, sai ga masu shi suna ta zuwa. A daidai lokacin ne farin magani ya yanke. Na aika birni, shiru. Na sake aikawa, aka ce in yi haƙuri yana hanya. Wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa? Baturen likita ya zo rangadi, ya ga kwalbar da idonsa, ya girgiza kai ya ce zai yi magana. Ko ya yi ko bai yi ba, ni dai abin da ya rage a gindin kwalba shi na riƙa tsakurawa, ina zaɓen wanda ya fi jin jiki. Ka dubi mutum yana naɗe ka ce masa yau ba nasa ba ne. Wannan ma aikin ne, ba a koyar da shi a makarantarku.

Cikin wannan hali aka kawo mini Sambo. Bafillace ne makiyayi daga wata ruga ta wajen Dandin Mahe, dogo, siriri, shekarunsa ba su wuce talatin da 'yan kai ba. A kan jaki aka kawo shi, matarsa Hajjo na biye. Na ce ina ke ciwo, ya ce, "Ba komi, Malam, ɗan ciki na." Na danna wurin da yatsa, gumi ya keto masa a goshi, amma ko uffan. Na ja fatar idonsa na ga ta fara fari. Hajjo ce ta gaya mini ya daɗe yana fama, in suka tafi kiwo goro yake wuni da shi.

Na ce ba zai koma ruga ba, dole ya zauna kusa da ni. Na ware masa rabo cikin ɗan abin da ya rage na farin magani. Madara ce matsala a shekarar, amma 'yan'uwansa suka ce suna da saniya guda mai ɗan ruwa, za su hana ɗan maraƙi su riƙa aiko masa da ƙwarya kullum da safe. Saura masauki. Sai Hajjo ta ce ai gidan mahaifinta na nan cikin gari, bayan masallaci. Malam Buba ke nan, dattijo mai mutunci, wanda ya bar kiwo ya zauna gari tun da daɗewa. Na ce madalla, Allah ya kawo sauƙi.

Malam Buba ya karɓi surukinsa hannu bibbiyu. Ya sa aka share zaurensa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma da buzu. Na je da kaina na kafa tsinke a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, na yi bayani, kowa ya ce to.

Kullum da hantsi ina zuwa in ba shi magani. Na ga mutum maimakon ya farfaɗo, sai ƙara zubewa yake yi. Na ce, "Sambo, kana shan madarar?" Ya ce, "Ina sha, Malam." Na tambayi Hajjo, ta ce ƙwarya ba ta kwana da komai. Na bincika ko wani ya kawo masa ƙwayar ɗan koli, babu. Goro, babu. Abin ya ɗaure mini kai, ga maganin da na hana wasu na ba shi yana tafiya a banza.

Sai wata rana da na sallami mutane da wuri, na turo kekena zuwa ƙofar zauren, na kifa shi, na zauna ina gyaran sarƙa da ba abin da ya same ta. Daga nan ina hango ciki. Malam Buba na zaune kusa da kan Sambo da mafici a hannu, yana yi masa fifita, yana ja masa addu'a. Wannan ya shigo dubiya ya fita, wancan ya shigo, tsohon bai motsa ba. Ga ƙwaryar madara nan rufe da faifai, hannu ɗaya tsakaninta da Sambo. Inuwar tsinke ta gusa, ta sake gusawa, ta bar tabarma ta hau bango. Bai taɓa ƙwaryar ba. Ina kallonsa yana dunƙule hannu yana danna ƙasan ƙirjinsa a ƙarƙashin mayafi. Ko salla tsohon nan a zauren yake yi, don kada ya bar majinyaci shi kaɗai. Sai da rana ta yi ja ya tashi ya shiga cikin gida. Yana ba da baya Sambo ya jawo ƙwaryar, madarar da ta wuni cikin zafi har ta fara tsami, ya ɗaga ya shanye gaba ɗaya. Ba a jima ba ya rarrafo bakin ƙofa ya amayar da ita.

Fulako! Bafillace ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa, ko yunwa za ta kashe shi. Haka mutumin nan yake wuni kullum, da gyambo buɗe a cikinsa, tun safe har faɗuwar rana. Raina ya ɓaci.

Na jira Malam Buba ya fito, na ja shi gefe, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Baba, Allah shi ƙara maka girma, zamanka wurin yaron ga shi ka hana shi shan madara."

Ya ce, "Awo, na sani ba shi ci gabana. Ɗan mutunci na. Ai in na shiga gida shina sha."

Na ce, "Baba, ba shan a ka biɗa ba, yawan kurɓawa a ka biɗa. Cikinai bai kamata shi zauna wayam ba ko kaɗan. Ka riƙa ba shi wuri."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Mijin ɗiyata shina kwance zaurena, mutane na shigowa dubiya, su iske shi shi ɗai kamar wanda anka yar? Su ce Buba ya gaji da surukinai? Malam, kai yaro na."

Na ce to a ba ni shi in kai shi rumfar asibiti. Ya ce wannan ya fi muni, surukinsa ba zai kwanta a rumfa kamar marar dangi ba alhali shi yana da rai. Na koma wurin Sambo na roƙe shi. Ya ce in ya tashi daga gidan nan ya nuna ba a riƙe shi da kyau ba, shi ba zai kunyata tsoho ba. Na ce to ya sha a gabansa, lalura ce, ko azumi ma an ɗauke wa marar lafiya. Ya yi murmushi ya kau da kai. Na je wa Hajjo, ta ce ita wace ce da za ta ce wa babanta ya tashi daga zaurensa. Kowa na da hujja, kowa na da mutunci, mutum kuwa na ƙarewa a tsakiyarsu!

Ban bari ba. Na kai maganar wurin liman, ya ce zai yi wa Malam Buba magana cikin hikima. Hikimar ta ɗauki kwanaki. Na koma dabara: in na zo ba da magani sai in ce zan duba cikin majinyaci, kowa ya fita, in tsaya a kansa ya kurɓa. Amma ni kaɗai ne a asibiti, ga masu gyambon ƙafa, ga yara masu gudawa, ga mata da ciwon ido suna jirana. Ina juya baya tsoho ya dawo da maficinsa. Kuma kada ku ce mugu ne. Ban taɓa ganin wanda ya so surukinsa kamar mutumin nan ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ranar kasuwa da safe Hajjo ta shigo asibiti ba sallama, da tasa a hannu. Ban buɗe ba na san abin da ke ciki, warin ya riga ya gaya mini. Na ruga zauren. Sambo ya yi fari fat, jikinsa sanyi, jijiyar hannunsa na gudu ba ƙarfi. A gefen tabarma ga amai, baƙi-baƙi da ja a ciki. Na ce birni, yanzu. Wannan karon ba wanda ya yi mini gardama.

Allah ya taimaka akwai babbar mota mai bodin katako da ta kawo 'yan kasuwa za ta koma Sakkwato. Na roƙi direba, aka gyara wuri a kan buhuna. Muka kwantar da shi, na sa buhu a ƙarƙashin ƙafafunsa don ɗan jinin da ya rage ya koma sama, na rufe shi da bargo. Na ɗauko madarar safiyar nan a kwalba da cokali, da ɗan guntun farin magani na ƙarshe. Ina hawa sai ga Malam Buba ya kama katako yana hawowa. Na ce, "Baba, don girman Allah!" Ya ce ba zai bar surukinsa ya tafi birni ba shi ba. Direba na ta danna ham, ba lokacin jayayya.

Mota ta kama hanya tana jijjiga mu. Rana ta take. Leɓen Sambo ya bushe ya tsattsage, mai zubar jini ƙishirwa ke cinsa fiye da kowa. Na tallafi kansa, na kai cokali bakinsa. Ya buɗe ido, ya dubi inda tsohon yake zaune, ya datse haƙora. A wannan halin!

Ban san sanda na daka wa dattijon nan tsawa ba, a gaban 'yan kasuwa, abin da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Na ce, "Baba, ka gani da idonka! Ga abin da ni ka faɗa maka!"

Ya dubi cokalin, ya dubi bakin Sambo. Sai ya juya a kan buhu ya ba mu baya, ya kamo babbar rigarsa ya lulluɓe kansa gaba ɗaya har ƙasa. Daga cikin rigar muka ji muryarsa.

"Sambo, ba ni nan. Na sauka tun Shagari. Sha."

Sambo ya buɗe baki. Na zuba cokali ɗaya ya haɗiye, na zuba na biyu ya haɗiye. Na uku ya gangaro ta gefen bakinsa ya bi wuyansa. Na kama wuyan hannunsa na lalube, na sake lalubewa. Ba mu kai Boɗinga ba tukuna. Wani ɗan kasuwa ya fara salati a hankali, na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na shafe idanun Sambo, na ja bargo na rufe shi.

Tsohon na nan yadda yake, a lulluɓe, motar na wurga shi hagu da dama, bai yarda ya waiwayo ba don kada ya katse wa surukinsa sha. Mun yi tafiya mai nisa a haka. Can ya ce, "Malam, ya sha?"

Na ce, "Ya sha, Baba."

Ya ce, "To ƙara mishi. Ba ni juyowa."